Hannatu, Kakanki Na Bakwai Jaki Ne

Zuwa ga ɗiyata Hannatu, uwata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya lau, jirgi ya sauke ki Ingila ba ko ciwon kai, akwatinki bai bi wani jirgin ba, kuma daddawar da Mamanki ta cusa cikin safa ta tsallake karnukan iyafot. Allah ya tsare min ke a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Ni ne dai Babanki Habila, da hannuna na rubuta, ba wanda ya taya ni. Kinsan ni da biro ba ma ga maciji, in kinga wata kalma ta karkace ki miƙe ta da kanki, ai dan haka muka kai ki makaranta. Kwana uku ina fama da ita a cikin mota lokacin hutun birek, a bayan siton da nake aiki a Wendover nan Amirka. Kuma da gangan na yi ta da Hausa. Kina ji sarai, amsawa ce kawai kike yi da Turanci dan ki ƙure ni.

Na ɗora ta a kan firam ɗin nan na bishiyar kakanninmu da kika naɗe da zanen Mamanki a tsakiyar akwati. Dan Allah uwata, kar ki rataye firam ɗin, kar ki nuna wa kowa, kar ki buɗe baki gaban farfesoshi sai kin kai ƙarshen takardar nan. In kina tsaye ki zauna.

Amma tsaya tukuna in yi murnata! Ɗiyar Habila a Ingila! Turawa da kansu sun kira ki ki zo ki tono musu kakanninsu! Na faɗa a coci, na faɗa a wurin aiki, na faɗa wa matar da ke karɓar kuɗi a gidan mai, ita da ko gaisuwa ba ta amsawa. Alhaji Mamman na Maraɗi, maƙwabcinmu, yace in na ƙara faɗa masa sau ɗaya zai bar unguwar. Nace ka bari ɗin, duk inda ka koma sai na zo na faɗa. Yace da Faransancinsa, "Mushe Habila, yarinyar kan uwarta ta ɗauko." Nace hassada ce ke cinka, kowa ya san ƙwaƙwalwar nan tawa ce, kawai ni ban samu lokacin amfani da ita ba ne shi yasa ta iso gare ki sabuwa fil.

Kuma ki tuna ni na fara kai ki gun Mista Hadli, tsohon nan mai dawaki a Summerfield da nake gyara wa shinge duk Asabar. Kina 'yar shekara sha biyu, kika shiga falonsa shan ruwa, kika ga tsohon Baibul ɗinsu mai sunaye jere a shafin farko, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, har zuwa wanda ya taso daga wani ƙauye a Ingila da sunansa ke karya min harshe. Tun ranar ba ki sake zama lafiya ba. Yau ga shi digiri na biyu za ki yi a kan gidan su Hadli, ki je ƙauyen da ƙafarki, ki buɗe littattafan cocinsu na shekaru ɗaruruwa, ki karanta duwatsun kaburbura. Wa ya kai ki gonar? Ni. Ki rubuta wannan a gaban littafinki da manyan baƙi.

To ga abin da ba ki sani ba. Duk shekarun nan, ni da Mista Hadli gasa muke yi a bakin shinge. Shi yace kakansa babban basarake ne, ga allo can rataye a falo da zanen zaki da takobi, alamar gidansu. Ni nace ai namu ba ya zana zaki, shaƙe shi yake yi da hannu ɗaya. Yace nasa ya taɓa cin abinci da sarkin Ingila. Nace nawa sarki ne ke zuwa gidansa cin tuwo, kuma sai ya wanke kwanonsa kafin ya tafi. Haka muke yi har shinge ya miƙe.

Sai ga ki watan jiya da hoton shafin nan da aka turo miki daga cocin ƙauyen. Ina tsaye da guduma a hannu kika nuna masa. Ashe babban basaraken nan mai yi wa mutane jinka ne, ciyawa yake ɗaurawa a kan ɗakunan ƙauye. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, ranar aurensa gicciye kawai ya zana a littafin. Allon zakin kuwa wani kawunsu ne ya sayo a shago. Na zaci tsohon zai faɗi. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, yace shi yasa duk rayuwarsa ƙanshin busasshiyar ciyawa ke sa shi nishaɗi. Ya shiga falo ya sauko da allon, ya kai ɗakin dawaki ya rataye. Bayan kin tafi mota ya dafa kafaɗata yace, "Habi, ka ci gasar. Yanzu kai kaɗai ne mai jinin sarauta a gonar nan."

Na yi dariya, har na ɗaga guduma sama kamar na ci kofi. Amma ranar ban iya cin tuwon Mamanki ba.

Sai kuma Lahadin nan da ta wuce, bayan mun dawo coci, kika tsaya a falo kina gwada mana jawabin da za ki yi ranar farko a makarantar. Kika ɗaga firam, kika ce kafin ki taɓa kakannin wani sai kin gabatar da naki guda bakwai, tun daga Sarkin Yaƙi Duna, wanda ya tsare ƙofar gari shi kaɗai kwana uku. Na tafa. Na fi kowa tafi. Mamanki ba ta tafa ba, ni take kallo. Kina hawa sama tace, "Baban Hannatu, ko ka faɗa mata ko in faɗa. In ni na faɗa kuwa, har da abin da ba a tambaye ni ba."

Na so in faɗa miki baki da baki. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinki, sau biyu ina ƙarewa da tambayar ko kin sa rigar sanyi a kaya. Ni da na taɓa yi wa ɗan sanda bayani a Elm Street har ya ba ni haƙuri, na kasa. To ga shi a rubuce.

Hannatu, Duna jakin Babana ne.

Baƙin jaki, mai yankakken kunne ɗaya, mai cizo. Ƙofar da ya taɓa tsarewa ita ce ƙofar gidanmu, ya kwanta a ciki ya ƙi tashi, sai ta katanga muke fita. Kwana ukun dai gaskiya ne.

Ga yadda aka yi. Kina aji huɗu ticarku ta ba ku aikin gida, kowa ya zana bishiyar danginsa. Kika zo da babban kwali da kalar ruwa, kika ce ƙawarki ta kai kakanni shida. Shida! Nace wace ce ita? Mu bakwai za mu yi. Kika riƙe fensir, nace rubuta Dauda, Babana. Gaskiya ne. Rubuta Nomau, kakana. Shi ma gaskiya ne, sai dai mashin yaƙin da na ba shi ba nasa ba ne. Daga nan kaina ya ɗauke kamar an ɗauke wuta. Ga idonki a kaina, ga rassa biyar ba kowa. In ce miki ban sani ba? Ni? Sai na buɗe baki. Na uku, Garba Mai Saje, direban mota ne a tashar Funtuwa. Na huɗu hedimastanmu ne na firamare, wanda ya kore ni. Na biyar da na shida 'yan dambe ne da nake so ina yaro. Da na zo na bakwai mutane sun ƙare min kaf, sai Duna ya faɗo min a rai.

Kika ci na ɗaya a aji. Aka manna kwalin a bangon makaranta wata guda. Na je na ɗauki hoto a gabansa da babbar riga. Daga nan ƙarya ta yi ƙafa, ta fara tafiya ba da izinina ba. Duk shekara kina tambaya, ni kuma ina ƙara mata gishiri, har na ba Duna mata huɗu da farin doki. Jaki a kan doki, uwata! Ko ni wani lokaci in ina ba da labarin sai in ji tsigar jikina ta tashi, in manta da kunnen.

To shawarata ta farko ke nan, kuma daga bakin gwani take fitowa, dan duk Greensboro ba wanda ya kai ni sanin yadda ake shirya ta. In kin shiga ƙauyen nan za ki haɗu da irina, kowane ƙauye yana da Habilansa. Zai tare ki tun daga bakin hanya, zai saya miki shayi, labarinsa zai tafi sumul ba gargada, kowane kaka jarumi ne, ba ɓarawo ko ɗaya, ba rago ko ɗaya. Ki sha shayin, ki yi dariya, ki rubuta da fensir. Sannan ki nemi matarsa ki kalli fuskarta lokacin da yake magana. Labarin gaske yana da ramuka, mai shi zai ce miki nan ban sani ba, nan na manta. Wanda bai taɓa ce miki ban sani ba, kar ki sa shi a littafi. Ke ma kuma in farfesa ya tambaye ki abin da ba ki gano ba, ki ce ban sani ba da ƙarfi kowa ya ji. Ba a mutuwa. Ni da na faɗe ta sau ɗaya rak a gaban yarinya 'yar aji huɗu, da yau ban zauna cikin mota ina zufa a kan takarda ba.

Za ki ce to me yasa ban tambayi Babana ba tun yana da rai. Nan ne wurin da ba dariya sosai, amma bari in faɗa.

Ba sai na tambaya ba, shi da kansa ya aiko min. Lokacin nan waya sai a birni, kuma Kakanki Dauda ba ya rubutu. Kaset yake yi. Ya zauna gindin bishiya a sa masa rakoda a gaba, ya yi ta magana, in an samu mai zuwa Amirka a ba shi ya kawo. Da aka haife ki, na aika masa cewa na sa miki sunan Mamata, sai ya aiko kaset guda cike, gaba da baya. Na sa a mota ina tuƙi. Ya gaida ni, ya gaida Mamanki, ya gaida maƙwabtan da bai sani ba, ya ba da labarin damina, ya ba da labarin akuyar da ta haifi uku. Ana jin zakara a bayansa. Can sai yace, "To Habila, tunda ka samu 'ya, bari in faɗa maka mutanenmu dan ka faɗa mata." Daidai nan na iso wurin aiki. Na kashe, nace sai anjima.

Anjima ta zama wata, wata ya zama shekara. Kaset yana cikin aljihun mota tare da su tishu da tsofaffin takardu. Sai lokacin intabiyu na zama ɗan ƙasa ya zo. Wani yace min dabara ita ce ka ɗauki muryarka kana amsa tambayoyin, ka dinga saurare a hanya. Na laluba mota na ciro kaset, ban ko duba ba, na sa a rakoda, na danna jan maɓallin ɗauka. Gaba da baya, uwata. Na ci intabiyu kuwa, matar da ta yi min tambayoyin har tace Turancina ya burge ta. Bayan Baba ya rasu na tuna da kaset ɗin, na nemo shi, na sa. Sai na ji muryata ina lissafa jihohin Amirka. Na juya baya, ni ne dai. A can ƙarshe, inda nawa surutun ya ƙare, saura kaɗan, sai muryar Baba ta fito yace, "...to shi ke nan su, ka riƙe da kyau." Sai zakara. Sai kaset ya tsaya.

Na zauna a fakin har aka zo aka ƙwanƙwasa min gilashi.

Dan haka in tsoho ya fara miki magana, kar ki duba agogo. Zai bi ta akuya, zai bi ta damina, zai bi ta ciwon gwiwarsa, abin da kika zo nema yana can bayan akuyar. Mu tsofaffi haka muke, sai mun gwada ko za ki zauna kafin mu ciro na ƙasan jaka. Kar ki ce sai anjima, kar ki ce gobe na dawo. Kuma duk abin da kika ɗauka a wayar nan taki, ki ajiye shi wuri uku, ki turo wa Mamanki ɗaya. Ban ce ki turo min ba. Kin dai ji tarihina da ajiya.

Saura ɗaya, ita ce babba. Kin san sunan Gwaggo Tabawa, ƙanwar Babana, wadda nake ce miki ba ta da waya. Tana da waya. Ni ne ba ni da fuskar kira.

Da na je gida makokin Baba, na sauka da sabon takalmi da agogo mai ƙyalli, mutane sun cika ƙofar gida, har da abokaina biyu da suka biyo ni daga Kaduna. Aka zauna ana ta'aziyya, baki ya ɗauke ni, na fara ba su labarin gidanmu gidan mayaƙa ne. Ina cikin kashe zaki sai na ji murya daga bayan zana, "Habila, wane yaƙi? Mu masu haƙar rijiya ne. Ubanka da aka binne shekaranjiya a rami ya ci, a rami ya sha, da ramin ya biya maka makarantar da aka kore ka." Gaban kowa! Abokaina suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na tashi na kaɗe riga, washegari na bar garin ko sallama ban yi mata ba. Tun kina tatata ke nan har makon nan.

Kunya nake ji, uwata, gaskiyar ke nan. Ina yaro 'yan ajinmu suna kirana ɗan rami. Baba ya dawo gida jikinsa duk jar laka, ido kawai ake gani. Na rantse wa kaina in na girma ba wanda zai san wannan. Kinga na cika alkawari, har 'yata ban bari ta sani ba.

To a ƙauyen Turawan nan ma akwai Gwaggo Tabawa, ki neme ta. Ba za ta yi miki murmushi ba. Wataƙila ita ke share coci, ko ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin littattafai, za ta ce kin taka mata fure, za ta ce kin faɗi sunan garin ba daidai ba. In ta gyara miki magana gaban mutane kar ki kaɗe riga irin na ubanki. Ki ce na gode Mama, ƙara min. Wanda ya san abu ne kaɗai yake jin haushi in an faɗe shi a karkace.

Yanzu ki gyara zama, ga inda nake so ki zo! Jiya da safe kafin in shiga aiki, na kira ta! Ni da kaina! Mamanki ce ta samo lambar gun wata 'yar cocinsu a gida, ta danna, ta miƙo min, ta tsaya a bakin ƙofa dan kar in gudu. Ta yi ƙara sau biyar, ina addu'a kar a ɗauka. Aka ɗauka.

Nace, "Gwaggo, ina wuni, Habila ne."

Tace, "Wane Habila?"

Nace, "Na Dauda."

Tace, "Af, jikan sarkin yaƙi? Ranka ya daɗe, ai ka yi ɓatan lamba. Nan gidan talakawa ne."

Nace, "Gwaggo, na tuba."

Tace, "Ƙara faɗa, kunnen nan ba ya ji sosai."

Na ƙara. Tace har yanzu layin ba kyau. Sau huɗu ta sa ni na faɗa, Mamanki tana bakin ƙofa tana toshe baki da gyale. A na huɗun sai na ji tari, dogon tari mai nauyi wanda ban so jinsa ba. Da ya lafa tace, "Ɗan banza. Na zaci sai na mutu za ka kira ka tambayi inda aka binne ni. Kana cin abinci kuwa?"

Ban yi kuka ba, kar Mamanki ta faɗa miki wani abu. Mura ce ke damuna kwanan nan.

Na faɗa mata komai, nace 'yata Hannatu za ta Ingila tono asalin wasu Turawa, kuma nata asalin ƙarya na ba ta. Tace in ɗauko abin rubutu. Ga su nan, uwata, na rubuta a bayan kwalin shayi na kwafo miki, kuma na karanta mata sau biyu ta amince:

Dauda ɗan Nomau. Nomau ɗan Barmo. Barmo ɗan Ciwake. Ciwake ɗan Korau.

Nace daga Korau fa? Tace, "Daga nan ban sani ba, kuma kar ka kuskura ka cike min." Biyar ne, ba bakwai ba. Amma biyar ɗin nan kowanne ya taka ƙasa, kowanne ya shiga cikinta ya fito.

Kuma ji nan! Korau shi ya haƙa rijiyar farko a ƙauyenmu can bayan Malumfashi, kafin shi sai mata su yi tafiyar rabin yini zuwa rafi. Garin ma saboda rijiyar ya zauna! Ciwake in ya zaga fili da sassafe ya duba irin ciyawar da ta fito da inda tururuwa ke gini, sai ya kafa sanda yace nan, kuma a samu ruwa. Kafin su sauka rami mai zurfi sai su zura fitila da igiya, in ta mutu ba mai shiga ranar, iskar ƙasan ba kyau. Barmo ya taɓa haƙa zurfin gaba goma sha bakwai ba ɗigon ruwa, mutanen gari suka yi masa dariya suka watse, shi ya ci gaba, a ta sha takwas ruwa ya ɓullo har ya kusa cin shi. Tace har gobe ana sha, in famfon gwamnati ya ƙafe can kowa ke komawa da guga. Wannan ba ni na ƙara ba, na rantse, ko gishiri ban sa ba. Gaba sha takwas cikin ƙasa da ɗan gatari! Wane zaki? Zaki ai a fili yake, kana ganinsa!

Ina ajiye waya na fita na buga wa Alhaji Mamman ƙofa nace kai, ka san da wa kake maƙwabtaka? Jikan masu ba gari ruwa! Yace, "Jiya sarkin yaƙi, yau mai rijiya, gobe kuma fa?" Nace wannan karon ina da shaida, tana da rai, kuma ta fi ka baki. Asabar kuma zan je Summerfield in mayar wa Mista Hadli kofinsa, in ce masa a sake sabon lale, mai jinka da mai rijiya. Shi nasa ya hana ruwa shiga ɗaki, nawa ya kawo ruwa gari. Kinga ko a nan ma na ci shi.

Amma akwai abin da ta hana ni, shi yasa takardar nan ta zama dole. Da ta gama mazan nace to na gode Gwaggo. Tace, "Wa ya ce maka an gama? Wanda ke cikin rami, wa ke riƙe masa igiya?" Ashe a gidanmu ba a ba bare igiya, ba a ba ɗan kwangila, ko ɗan'uwa namiji ba a ba shi. Mace ce ke riƙewa, matarka ko 'yar'uwarka. Ita ke jan ƙasa da kwando, ita ke jin in ka girgiza igiya, ita ke ciro ka in numfashi ya ɗauke. Ranar da gari ya watse ya bar Barmo, matarsa ce kaɗai a bakin ramin. Ita Gwaggo da kanta ta riƙe wa Babana shekara tara kafin ya auri Mamata, tace in na je in duba tafin hannunta. Kowane namiji cikin biyar ɗin nan yana da mai igiyarsa, kuma ta san sunansu duka, da garin da aka auro kowacce.

Nace to faɗa min, biro na hannuna.

Tace, "Kai? Bakinka ba ya riƙe ruwa. Sunan masu igiya mace ake ba, haka aka ba ni. Yarinyar ta kira ni da kanta. Kuma ka faɗa mata ni ba na jin Turanci, ba na kuma jin ana jira. Tarin nan ba na wasa ba ne."

Ke da kike ta ƙorafi wai a littattafan cocin Turawa sai ki ga an rubuta matar wane kawai, ba a san daga ina ta fito ba, to ga naki matan can a bakin tsohuwa ɗaya, ba a littafin kowa ba. Na rubuta miki lambarta a bayan takardar nan, Mamanki ta duba ban juya ko ɗaya ba. Yanzu kin ma fi mu kusa da ita, lokacinku kusan ɗaya ne. Kar ki jira ki huta, kar ki jira ki gyara Hausarki. Ki kira ta da wadda kike da ita. Za ta yi miki dariya, za ta ce kina magana kamar mai tauna ƙashi, za ta fara da tambayar ko kin yi aure. Ki ce mata ina wuni Gwaggo, Hannatu ce ta Habila, na zo karɓar igiya. Daga nan ki yi shiru ki rubuta.

In kin ji haushina kina da gaskiya, ki ji. Ki kira ki zazzage min da Turancin nan naki mai sauri, zan tsaya in saurara har ƙarshe ba zan ce layi ba kyau ba. Amma ita za ki fara kira, ni ina nan, ba inda za ni.

Allah ya tsare ki daga sanyin ƙasar, da abincinsu marar yaji, da samarin da za su ce miki kakansu basarake ne. Ya buɗe miki littattafan da aka rufe, ya ba ki idon karanta tsohon rubutu, ya sa tsofaffin ƙauyen su so ki. Ya ƙara wa Gwaggo Tabawa numfashi har ku gama. Ya kai ki lafiya ya dawo min da ke lafiya, cikin sunan Yesu, amin. Mamanki tana gaishe ki, tace ki ci abinci, kuma ki dawo mata da zanenta.

Ni ne Babanki mai ƙaunarki,
Habila ɗan Dauda, ɗan Nomau, ɗan Barmo, ɗan Ciwake, ɗan Korau.